Daga Madekali Zuwa Alfakwara: Wa Ke Biya wa Giwa?

A cikin 2017, tsakanin watan Maris da na Yuli, mutanen ƙauyukan Ayoru a yammacin Nijar sun kashe dorina aƙalla 27. Hukumar yankin ce da bakinta ta faɗi adadin. Dalilinsu ba ɓoyayye ba ne: dabbar kan fito da dare ta share gonar shinkafa, ta kife kwalekwale, wani lokacin har da mutum a ciki. Shekara bakwai bayan haka, a watan Oktoban 2024, mutanen Yawuri a Jihar Kebbi suka farauto wata dorina da ta kashe masunci, aka raba namanta ana sowa. Ayoru tana sama, Yawuri tana ƙasa, kuma ruwan Kwara da ya baro waccan ya nufi wannan sai ya bi ta fadamun Madekali, a kusurwar da Benin ta haɗa iyaka da Nijar da Nijeriya. Duk manomin fadama da aka ba shi waɗannan labarai biyu ba zai nemi ƙarin bayani ba. Zai ce abin da ya ci maka gona, ka ci shi.

To amma ga abin da ke ɗaure kai. Ka bar Madekali ka shiga Malanbil, ka hau kwaltar da ta yi kudu zuwa Kandi. Kafin ka kai Kandi akwai wani ƙauye na mutanen Mokole a bakin daji, sunansa Alfakwara. Shekara da shekaru, da zarar rani ya kama, ruwan cikin daji ya janye, giwaye kan fito garke guda su sha a wani tafki da ke daf da garin. Ɓarnar giwa ta fi ta dorina nesa ba kusa ba, don dare ɗaya ya ishe ta ta mayar da gonar masara fili, ta haɗa da rumbu. Ban ce ba a taɓa harbin giwa a ɓoye ba, masu neman haure ba su taɓa ƙarewa a duniya ba. Amma gari bai tashi ya yi mata taron dangi ba. Abin da ya tsiro a wurin shi ne hasumiyar kallo, da 'yan ɗakunan saukar baƙi masu araha, da samarin gari masu yi wa baƙo jagora. Jiharsu ɗaya da Madekali, wato Alibori. Damina ɗaya suke gani a shekara, talaucin ma iri ɗaya ne. Me ya sa a nan manomi ya haƙura da mai ci masa gona, har yana kiran mutane su zo su gan shi? Banza ba ta kai zomo kasuwa. Akwai wanda ke biya, sai mu nemo shi.

Sai an san shimfiɗar ƙasar kafin a fara zargin kowa. Madekali ɗaya ce daga gundumomi biyar na ƙaramar hukumar Malanbil, sauran su ne Garu, Gene, Tumbutu da Malanbil ɗin kanta. Ita ce ta gabas, mai maƙwabtaka da ƙasar Illo ta Jihar Kebbi. Kasuwar Malanbil ita ake lissafawa ta biyu a duk Benin bayan Dantokpa ta Kwatano, ga kuma gadar da ta haɗa ta da Gaya ta Nijar. Gandun dajin W kuwa yana yamma, ta wajen Karimama. Sunan ya samo asali ne daga yadda kogin ya karkace a wurin kamar harafin W. Faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 10,000 tsakanin Benin da Nijar da Burkina Faso, fiye da rabi a hannun Benin. Idan aka haɗa shi da gandun Arli da na Panjari, nan ne giwayen Afirka ta Yamma suka fi yawa, nan ne kuma mafi yawan zakunan da suka rage wa yankin suke. A riƙe wannan: Alfakwara tana jingine da dajin, Madekali ta ba shi baya.

Wanda kowa zai fara nuna wa yatsa shi ne tsoro. Za a ce ai malaman daji ne da bindiga, ga tara, ga gidan yari. Wannan amsa ba ta jure bincike. Faransawa sun mayar da W cikakken gandun hukuma a 1954, bayan an tashi mutanen da ke zaune a ciki, kuma shekaru arba'in da suka biyo baya ba abin da aka gwada sai tsoratarwa. Ga abin da ta haifar: shanu dubbai na kwana cikin gandun kowace shekara, gonakin auduga na cin bakinsa, mafarauta na shiga suna fita. Wanda ya san Karimama ba zai yi mamaki ba, domin kusan kashi biyar cikin shida na ƙasar wannan ƙaramar hukuma gandun ya cinye, aka matse jama'a a wani ɗan siririn fili tsakanin daji da kogi. Mutumin da aka matse haka, tara ba ta hana shi. Ga kuma Ayoru. Dorina ma doka ta kare ta a Nijar, an kama wasu a kan kisan, amma hakan bai hana adadin kaiwa 27 ba. Tsoro na iya sa mutum ya jira dare ya yi, ba ya sa shi ya gina wa baƙo ɗaki.

Na biyu ya fi kama da gaskiya, kuma shi ake bugawa a takardun talla: baƙo ne ke biya.

Daga farkon shekarun 2000 ƙananan masaukai suka fara tsirowa a ƙauyukan da ke kewaye da dazuzzukan nan. A gefen Nijar akwai na Kare Kopto da na Bumba a bakin kogi. A gefen Benin akwai Alfakwara, inda ƙungiyar Eco-Bénin ta yi aiki da mutanen gari, akwai kuma Tanongu a bakin Panjari, inda ake sauke baƙo a cikin gidajen jama'a kusa da inda ruwa ke zubowa daga dutse. Tsarin kusan iri ɗaya ne ko'ina, kuma hikimarsa tana cikin arharsa. Babban otal na daji yana buƙatar janareto, da tafkin wanka, da kuku daga birni, da abincin gwangwani da aka ɗauko daga Kwatano, don haka kuɗin baƙo kan shigo ta ƙofa ya fita ta taga, gari bai gani ba. Masaukin ƙauye kuwa ɗakin laka ne da jinka ko tanti, da katifa, da gidan sauro, da bokitin wanka, da fitilar sola. Maginin ɗan gari ne. Ciyawar jinka daga bayan gari aka yanko ta. Matan gari ke karɓa-karɓa wajen girki, su ke sayar da zabi da ƙwai da kifi, matan Fulani su kawo nono da wagashi. Saurayin da ubansa maharbi ne, wanda ya tashi yana karanta sawun dabba a ƙasa, shi ke zama ɗan jagora, ya ci kuɗi da ilimin da a da zai iya kai shi kurkuku. Mai kwalekwale ya ɗauki baƙo kallon tsuntsaye. A ƙarshe a ware wani kaso a zuba a asusun gari.

Irin baƙon ma daban ne. Ba attajirin da ke zuwa Kenya da jirgi ba ne. Ɗalibi ne ko malamin makaranta daga Faransa ko Beljiyam da jakarsa a baya, ko ma'aikacin ƙungiyar agaji da ke zaune a Yamai ko Kwatano ya sami hutun mako. Kamfanin Point-Afrique na Maurice Freund, wanda ya yi suna da jigilar irin waɗannan matafiya da araha zuwa Agadas da Gao da Mopti, ya taimaka wajen buɗe musu Sahel a shekarun nan.

Ga alama an kama mai biya. Amma a ɗauko alƙalami. Lokacin kallon namun daji a nan gajere ne, daga Disamba zuwa Mayu. Da ruwa ya sauka hanyoyi sun yanke, ciyawa ta fi mutum tsawo, dabbobi sun watse. Ko Panjari, wanda ya fi W suna da kyawun hanya, baƙinsa a shekara 'yan dubbai ne a lokacin da abin ke tashe, alhali Kenya ta karɓi kusan miliyan 2 a 2019. W bai kai Panjari ba. Mu yi lissafin misali, ba na wani masauki takamaimai ba. A ce gado 10 ne, a ce kwana 150 ake aiki, a ce ɗaya bisa biyar na gadajen ke samun mai kwana, a ce jika 5 ake biya. Kwanan baƙo 300 ke nan, sefa miliyan 1.5 a shekara. A cire gyaran jinka, da sabulu, da batir, da haƙƙin mai gadi da mai shara. Abin da ya saura, a raba shi ga garin da ke da mutum dubu biyu ko uku. Ba zai biya gonaki biyar da giwa ta tattake ba. Kuɗin shiga gandun kuwa na hukumar daji ne. Ashe baƙo mai jaka a baya yana biya, amma ba shi ne babban mai biya ba. Hasali ma kuɗinsa ba su isa su gina ɗakin da ya kwana a ciki ba.

To wa ya gina? Wannan ba wuya. Daga 2001 zuwa 2008 Tarayyar Turai ta zuba kuɗi a wani shiri mai suna ECOPAS domin farfaɗo da W a ƙasashen uku. An gyara hanyoyin cikin daji, an horar da masu gadi, an ƙidaya dabbobi daga sama, an tallafa wa ƙauyukan gefe. A cikin shekarun nan ne, a 2002, UNESCO ta amince da W a matsayin yankin kariya na haɗin gwiwa da ya ratsa iyakoki. Jamusawa sun yi makamancin wannan aiki a Panjari. Jarin masaukai da horon 'yan jagora yawanci daga irin waɗannan shirye-shirye da ƙungiyoyi ya fito. Wannan ya warware batun gini, bai warware batun haƙuri ba. Shiri yana da ranar ƙarewa, motocinsa kan koma inda suka fito, giwa kuwa kowane rani sai ta dawo.

A nan ya kamata mai bincike ya sake duba taswira, ya tambayi kansa wane daji ne ainihi Alfakwara ke jingine da shi. Ba gandun W kai tsaye ba ne. Dajin Jona ne, kuma Jona yankin farauta ne.

Benin ta kewaye gandayenta da wasu yankuna da a da ake ba kamfanoni haya, su kawo maharba daga Turai da Amurka a lokacin rani. Ba a harbin giwa, doka ta hana. Ana harbin ɓauna, da gwanki, da kanki, da maraya, da gadu, kowace dabba da farashinta da adadin da aka yarda a kashe a shekara. Maharbi ɗaya na irin wannan, a zuwa ɗaya, yana kashe kuɗin da gomman masu jaka a baya ba za su kashe ba. A 1996 gwamnati ta kafa hukumar CENAGREF domin kula da dazuzzukan namun daji, aka kuma tsara ƙauyukan da ke maƙwabtaka da su cikin ƙungiyoyin da ake kira AVIGREF. Ƙa'idar da aka shimfiɗa ita ce kashi 30 cikin 100 na kuɗin da farauta ta kawo a miƙa wa waɗannan ƙungiyoyi. Baturen maharbi ƙaho da fata yake so, don haka naman ma ƙauyuka ake kai wa. Da kuɗin ake gyara famfo, a ɗaga ajin makaranta, a biya 'yan garin da ke rakiyar malaman daji sintiri.

Wannan shi ne mai biyan da ba a sa hotonsa a takardar talla, domin baƙon da ya zo ɗaukar hoto ba ya son jin labarinsa. Ɓaunar da aka harbe a Jona ita ta saya wa giwar Alfakwara lafiya. Wanda abin bai yi masa daɗi ba yana da hujjarsa, kuma ni ma ba na cikin masu sha'awar mutumin da zai ƙetare teku don ya rataya kan dabba a bangon falonsa. Amma ba za a musa cewa kashi 30 ɗin nan ya yi abin da shekaru arba'in na tara ba su yi ba. Ya mayar da daji abin da gari ke da rabo a ciki a rubuce. Nama kuwa, a wurin da mutum kan yi wata bai ga tsoka a miya ba, ya fi kowane jawabin wayar da kai shiga kunne.

In haka ne, mene ne amfanin masaukin? Kada a yi saurin raina shi. Kuɗin farauta ta hannun kwamiti suke bi, kuma duk wanda ya zauna a ƙauye ya san su wa ke zama a kwamiti: dattawa, da masu faɗa a ji, da wanda ya iya Faransanci. Famfo na kowa ne, amma ba ya shiga aljihun kowa. Kuɗin masauki kaɗan ne, sai dai hannu da hannu suke zuwa, kuma suna faɗawa inda na kwamiti ba sa kaiwa, wato wajen mace mai girki da saurayi marar gona. Waɗannan su ne idon gari. Su ke fara sanin baƙuwar fuska ta shigo da bindiga a cikin buhu. Maharbin Turai ya sa dattawa sun yarda, baƙo mai araha ya sa matasa da mata suna da abin da za su rasa.

Akwai wurin da ya nuna cewa baƙo kaɗai ma na iya riƙe dabba, in yana zuwa a kai a kai. Raƙuman dawan Kure, kimanin kilomita 60 daga Yamai, sun ragu zuwa 49 a 1996. Ba gandu ba ne, cikin gonakin Zabarmawa suke yawo suna cin wake. Ba a farauta a wurin. Ƙungiyar 'yan jagora ta gari, da tallafin rijiyoyi da ƙananan basussuka ga manoma, suka sa adadin ya haura 600 cikin shekara ashirin da 'yan kai. Sirrin Kure a lokacin kusanci ne: mutum ya karya kumallo a Yamai, ya ga raƙumin dawa, ya koma gida cin abincin rana, rani da damina.

Saura tambaya ɗaya, ita ce kuma ta buɗe sauran. Ayoru ma ai ta san baƙi. Kasuwarta ta ranar Lahadi da yawon kallon dorina a kwalekwale sun daɗe cikin abubuwan da ake kai Turawa gani a Nijar. Me ya faru? Baƙin ne suka ɗauke ƙafa. Garin na kusa da iyakar Mali, kuma tun da arewacin Mali ya rikice a 2012 hanyar ta mutu. Dorinar da a da ke kawo wa mai jirgi kuɗi ta koma ba ta kawo komai sai asara. Shekara biyar kacal aka yi tsakanin wancan da kisan 2017.

Da wannan a hannu, sai a sake duba masu biyan nan uku na Alfakwara. An ɗauka tukunya ce a kan duwatsun murhu uku, in ɗaya ya goce biyu za su riƙe. Ashe dutse ɗaya ne. Mai jaka a baya, da maharbi, da mai ba da tallafi, duk ta filin jirgi ɗaya suke sauka, kuma takarda ɗaya suke dubawa kafin su taso: taswirar da ma'aikatar harkokin wajen Faransa da takwarorinta ke shafa wa launi. Ranar da aka shafa wa wuri ja, kamfanin inshora ya janye, kamfanin tafiye-tafiye ya soke, ƙungiya ta hana ma'aikatanta zuwa. Su ukun suke ɓacewa tare.

Haka kuwa aka yi, daki-daki. A Janairun 2011 aka sace samari biyu Faransawa a wani gidan abinci a tsakiyar Yamai, suka mutu a hanyar Mali. Cutar Ebola ta 2014 ba ta shiga Benin ba, amma ta kori baƙi daga duk yankin. Gwamnatin Patrice Talon ta yi yunƙurin juya abin: ta sa yawon buɗe ido a gaban shirinta, ta miƙa Panjari ga ƙungiyar African Parks a 2017, shekarar da UNESCO ta sa W da Arli da Panjari gaba ɗaya cikin kayan gadon duniya, aka kuma sanar da jarin dalar Amurka miliyan 23.5 a farkon 2018. W ya bi baya a 2020. Amma ranar 1 ga Mayun 2019 an riga an sace Faransawa biyu a Panjari, an kashe ɗan jagoransu, Fiacre Gbédji. Ranar 9 ga Agustan 2020 aka kashe mutum takwas a Kure, Faransawa shida da 'yan Nijar biyu, ɗayansu shugaban 'yan jagoran wurin. A Fabrairun 2022 nakiyoyin da aka binne a hanyoyin W suka kashe mutum tara. A Janairun 2025 sojojin Benin 28 suka mutu a mahaɗar iyakokin nan uku da ke cikin dajin, a watan Afrilu kuma gwamnati ta tabbatar da mutuwar wasu 54 a hare-haren da ƙungiyar masu iƙirarin jihadi ta JNIM ta ɗauki alhakinsu. Dajin da aka gyara wa hanyoyi don motar kallo ya koma fagen yaƙi.

Akwai mutum ɗaya da tun farkon labarin nan ba mu gan shi a wajen rabo ba, kuma rashinsa ba ƙaramin abu ba ne. Makiyayi. An tsara AVIGREF ne bisa ƙauye, shi kuwa Bafulatanin da ke gangarowa daga Nijar ko Kebbi da rani ba shi da ƙauye a takarda. Shi ya fi kowa sanin dajin, shi ya fi kowa asara da rufe shi, kuma shi ne bai ga kashi 30 ba, bai ga nama ba, bai ga baƙo ba in ban da ɗan kuɗin nono. Abin da ya sani game da gandu shi ne kamu da tara. A ƙarshen 2019 Benin ta ma hana shigowar garkunan ƙetare ɗungurungum. Masu bincike na cibiyar Clingendael da ke Holan sun yi gargaɗi a 2021 cewa rikicin manoma da makiyaya, da rigimar filaye, da yadda ake tafiyar da gandayen, su ne ƙofofin da masu bindiga za su iya shigowa ta cikinsu a arewacin Benin. Wannan ba ya nufin makiyayi ɗan ta'adda ne, shi ne ma ya fi kowa shan wuya a hannun ɓangarorin biyu. Abin da yake nufi shi ne an kira tsarin na al'umma, alhali an bar wani sashe na al'ummar a waje, kuma masu bindiga sun iya yi wa wanda aka bari a waje alkawarin ciyawa kyauta.

Madekali ba ta taɓa shiga wannan rabo ba, saboda ba ta jingine da gandu ko dajin farauta. Shi ya sa manominta ke kallon naman daji kamar yadda na Yawuri ke kallonsa, kuma ba laifinsa ba ne. Amma abin da ya hana ta rabo shi ne kuma ya raba ta da dogaro ga jirgin Faransa, ga shi kuma tana da abin da Alfakwara ba ta da shi. Saukar baƙo don kuɗi tsohuwar sana'a ce a wannan gaɓa. Ta wajen Illo da Gaya fataken Gwanja ke ƙetare Kwara, su ratsa Bargu da Zugu su nufi Salaga sayen goro, kuma a kowane zango akwai fatoma mai ba su ɗaki da abinci, ya tsaya musu a ciniki, ya ci ladansa. Jikokin fataken nan ba su daina zuwa ba. Su ne 'yan kasuwar Kamba da Birnin Kebbi da Sakkwato da Doso da ke cika Malanbil saboda albasa da shinkafa da hatsi. Ba wanda ya taɓa ƙirga su a cikin masu yawon buɗe ido, ba a rubuta musu allo da Hausa ba, ba a yanka farashi da aljihunsu a rai ba.

Masu cewa Bahaushe ba ya biyan kuɗi don kallo ba su je Argungu ba. Tun 1934 ake bikin kamun kifin nan, UNESCO ta karɓe shi a 2016, kuma cincirindon da ke cika bakin kogin Matan Fada ba daga Turai yake zuwa ba. Motocin 'yan makaranta da iyalai da ke zuwa Yankari su yi wanka a Wikki su ma 'yan gida ne. Abin da bakin kogi zai sayar wa irin wannan baƙo ba ya buƙatar shiga daji ko kaɗan: yawo a kwalekwale tare da Sarkawa, tsuntsayen fadama da ke zuwa da sanyi, gasasshen kifi, wurin sallah mai tsabta, ɓangaren mata daban, da ɗakin da magidanci zai iya biya wa iyalinsa duka.

Ba na cewa gobe za a fara. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 Nijar ta toshe gadar Gaya, jama'a suka koma tsallakawa a jiragen ruwa. Faɗuwar naira ta sa komai na ƙasar sefa ya yi wa ɗan Nijeriya tsada. Lakurawa sun addabi ƙauyukan iyakar Kebbi da Sakkwato da Doso. Duk da haka ɗan kasuwar Kamba bai fasa zuwa ba, don shi ba ya tambayar wata ma'aikata a Turai ko hanya ta yi kyau, direban tasha yake tambaya.

Kirana ga hukumar Malanbil da masu hannu da shuni na kasuwarta shi ne kada su zauna jiran wani shiri daga waje ya zo ya gina musu bukkoki. Su fara da baƙon da ke kwana a garinsu yau. A rubuta kason gari a takarda tun kafin a aza tubalin farko, a karanta shi a bainar jama'a da Dandanci da Hausa da Fulatanci. A kwamitin kuma a ajiye kujerar Sarkin Ruwa, da ta shugabar mata, da ta Ardo.